Yadda Ake Zaɓen Rikodar Naɗar Murya, Daga Zaure Zuwa Shago

Shekarar da aka fara ɗora min aikin naɗar tafsirin azumi a masallacin layinmu a unguwar Aboabo da ke Kumasi, Ghana, na karɓi kuɗin da jama'a suka haɗa na shiga gari na sayo wata 'yar rikoda mai siffar alƙalami. An rubuta 32GB ɓaro-ɓaro a jikin kwalin, mai shagon kuma ya rantse min cewa ko tafiyar tururuwa tana ji. Na kawo ta na ɗora a bakin taga kusa da inda nake zama, na danna, na harɗe ƙafa ina jin kaina injiniya. Da dare na saka a kunne. Fanka ce ke tafsiri, pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, na jan baƙi daga titi, Malam kuwa kamar daga ƙasan rijiya yake magana. Kwana tara ina lallaɓawa a haka, ranar na goma na haɗa ta da kwamfuta na tarar da sunayen fayiloli reras, amma rabinsu ba sa buɗuwa. Da na je gaban Malam na ce, "Allah gafarta Malam, karatun makon farko ya salwanta," murmushi kawai ya yi ya ce, "To ai mun gode Allah da kunnuwan mutane ba irin na alƙalaminka ba ne."

Laifi biyu na yi. Na sayi abin da ban gwada ba, kuma na je shago ban san inda zan ajiye na'urar ba. Na biyun ya fi muni, kuma shi ne wanda kusan kowa ke yi. Mutum ya zo ya ce min, "Wace rikoda ce ta fi kyau?" Sai na ce masa muryar wa za ka naɗa, a ina yake zama, kai kuma ina za ka iya ajiye na'urar? Daga nan ake farawa.

Mataki na 1: Auna wurin kafin ka auna aljihu

Je wurin da za ka yi aikin, a daidai lokacin da za ka riƙa yin sa. Ka tsaya shiru na minti biyu, ka rufe ido, ka lissafa abin da kake ji. Kunnen ɗan Adam gwanin tacewa ne: kana zaune a zaure kana sauraron tsoho, ba ka jin injin niƙan maƙwabta, ba ka jin mai tallan koko, ba ka jin lasifikar shagon da ke gaba. Makirufo ba shi da wannan kara, duk abin da ya iso shi ɗauka yake. Mu da ke Aboabo da Asawase muna da ƙarin namu: hon ɗin pragya, jirgin da ke sauka a filin jirgi nan kusa, da ruwan sama a kan rufin kwano, wanda a Kumasi ba ya neman izinin kowa tun daga Maris har Yuli, ya huta kaɗan ya dawo a Satumba.

Sannan ka auna tazara tsakanin bakin mai magana da inda na'urar za ta zauna. Ƙa'idar sauti ita ce duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarfin muryar da ke isowa kai tsaye yana raguwa da wajen desibel 6, alhali hayaniyar ɗaki tana nan yadda take. Rikodar da ke kamu ɗaya daga bakin Malam da wadda ke taku shida daga gare shi ba aiki ɗaya suke yi ba, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su. Na ga rikoda mai arha a kan bencin karatu ta kunyata mai tsada da aka ajiye a sahu na huɗu.

Ka rubuta amsar waɗannan a takarda: mutum nawa ne za su yi magana, a zaune suke ko suna yawo, akwai lasifika a wurin ko babu, awa nawa zama ɗaya ke ɗauka, kuma me za a yi da muryar bayan an naɗa. Wannan na ƙarshe yana da nauyi. Ɗalibin jami'ar KNUST da ke son ya sake jin lacca kafin jarrabawa, buƙatarsa kawai ya gane kalmomi. Mai aika rahoto gidan rediyo yana son murya tas. Wanda kuma zai zauna da kakarsa ta ba shi labarin yadda kakanninsu suka biyo hanyar goro ta Salaga, ko yadda unguwa ta watse a ƙarshen 1969 lokacin da gwamnatin Firaminista Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, wannan yana naɗar abin da ba za a sake faɗa ba ne, dole ya ajiye shi a tsari mafi inganci.

Mataki na 2: Tambayi kanka ko wayarka ta isa

Sau da yawa ta isa. Idan hira ce ta mutum biyu a ɗaki mai labule da kafet, na rabin awa, sa wayar a yanayin jirgin sama, ɗora ta a kan filo kusa da mai magana, ka adana kuɗinka. Ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga zai ƙara mata kyau fiye da yadda kake zato.

Inda waya ke gazawa: kira ya shigo ya katse naɗi, caji ya ƙare a tsakiyar zama, wuri ya cika da hotunan biki, ga shi ba za ka iya barin wayarka awa biyu a gaban Malam kai kana baya ba. Wayoyi da yawa kuma suna matse sauti da kansu don rage hayaniya, sai muryar ta fito kamar ana magana cikin gwangwani. Idan aikin na kullum ne, ko mai tsawo, ko wanda ba ya maimaituwa, sayi rikoda.

Mataki na 3: San dangin da kake nema

Rikodojin da za ka tarar a shagunan Adum a tsakiyar Kumasi, ko wajen Circle idan ka gangara Accra, kusan gida uku ne.

Gida na farko su ne ƙananan na aljihu waɗanda aka ƙera don magana zalla, irin su Sony ICD-PX470 da Olympus WS-853. Kamfanin Olympus ya sayar da wannan ɓangare nasa a 2021, shi ya sa sababbin ke fitowa da sunan OM System, kada ka ɗauka jabu ne. Waɗannan ba su da nauyi, suna da wurin ajiya a cikinsu, suna cin batir kaɗan, kuma kan USB ɗinsu a jikinsu yake, turo shi kawai za ka yi ka soka a kwamfuta. Su ne na ɗalibi, na sakataren ƙungiya mai rubuta bayanin taro, da na mai naɗar karatu kullum.

Gida na biyu su ne masu manyan makirufo biyu a ka, irin su Zoom H1n da Tascam DR-05X. An yi su ne don ingancin sauti, suna jure ƙara mai ƙarfi ba tare da sautin ya fashe ba, kuma kai ne ke saita ƙarfin ɗauka da hannunka. Ba su da wurin ajiya a ciki, sai ka sayi kati. Idan za ka naɗi zikiri da bandiri, ko waƙen mauludi, ko kiɗan biki, ko hirar da za ta hau rediyo, nan za ka duba. Aibinsu shi ne jin komai: ko yatsanka ya motsa a jikin robar sai ya fito, iska kuwa ko ta fanka ce sai ta zama guguwa. Akwai sababbi irin Zoom H1essential da ta fito a 2024, masu tsarin da ake kira 32-bit float, wanda ba sai ka saita ƙarfin ɗauka ba, daga baya kake gyarawa a kwamfuta. Abin sha'awa ne, amma fayilolinta manya ne, kuma sai ka iya aiki da manhajar gyaran sauti. Wanda ba ya taɓa kwamfuta ya bar ta.

Gida na uku su ne manya masu ramin XLR, irin su Zoom H5, waɗanda ake haɗa wa makirufon ƙwararru. Idan kana buƙatarsu ka riga ka sani, ba sai na faɗa maka ba.

Sai kuma 'yan bayan gida: masu siffar alƙalami, makullin mota, ko filashi, marasa sunan kamfanin da za ka iya nema. Ba ni da abin cewa a kansu da ya wuce labarin da na buɗe da shi.

Mataki na 4: Juya ta ka duba ramukanta

Nan ne mutane ba sa dubawa, alhali nan ne rabin amfanin na'urar yake. Rami biyu nake nema, duka masu faɗin milimita 3.5.

Na farko na abin saƙalawa a kunne, kuma sharaɗi shi ne ya bar ka ka ji sautin a lokacin da ake naɗa, ba sai an gama ba. Da ina da wannan a azumin farko, da tun ana cikin zaman farko na ji fankar nan na tashi na matsa.

Na biyu ramin shigar da makirufo na waje, wanda ake rubuta MIC ko MIC/LINE a gefensa. Da shi za ka maƙala ƙaramin makirufo a wuyan rigar mai magana, tafin hannu ɗaya ƙasa da haɓarsa, ka bar rikodar a aljihunsa ko a gefen buzu. Ƙananan makirufon nan suna shan 'yar wuta daga jikin rikodar, don haka ka tabbata na'urar tana bayarwa, a littafinta ana kiran abin plug-in power. Ka kuma lura da kan igiyar: mai zobe biyu baƙaƙe na rikoda ne, mai zobe uku na waya ne, idan ka cusa na waya a rikoda sau da yawa shiru za ka ji sai da 'yar mahaɗa.

Ga masu aikin masallaci da wa'azi, wannan ramin yana da wani amfani da ya fi komai. Idan akwai amfilifaya ko mikisa, wato na'urar da ke haɗa sautin makirufo kafin ya je lasifika, za ka iya jawo igiya daga ramin fitarta kai tsaye zuwa rikoda, ka samu muryar Malam da ta mai jan baƙi ba tare da amsa-kuwwar gini ko tarin jama'a ba. Sai dai hattara biyu. Sautin da ke fitowa daga mikisa ya fi na makirufo ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka dole ka sauya saitin rikodar zuwa na layi, ko ka nemi igiya mai rage ƙarfi, in ba haka ba sautin zai fashe. Kuma kada ka kuskura ka jawo daga inda wayoyin lasifika ke fita, wannan wutar za ta iya ƙona na'urar. Idan ka ji wani gurnani mai kauri a ƙarƙashin murya, yawanci na wutar gida ce mai bugun 50Hz, cire rikodar daga caji ka bar ta a kan batir, sau da yawa yakan tafi.

Game da makirufon jikinta: mai ji ta kowane gefe ya dace da taron da aka zauna da'ira aka ajiye na'ura a tsakiya. Mai fuskantar gaba ya dace da mutum ɗaya a wuri mai hayaniya. Kada kalmar "zuƙowa" da ake rubutawa a wasu kwalaye ta ruɗe ka, tana taimakawa kaɗan, amma ba ta maye gurbin matsawa kusa.

Mataki na 5: Lissafin fayil

Tsari biyu za ka riƙa cin karo da su. WAV, wanda wasu na'urori ke rubutawa LPCM, shi ne sauti cikakke ba a matse ba. MP3 kuwa an matse shi don ya yi ƙanƙanta. Ka nemi na'urar da ke yin duka biyun. Wadda ke naɗa a wani tsari nata na kanta, wanda sai da manhajar kamfanin ake buɗewa, ka bar musu abinsu.

Ga lissafin da ya kamata ka riƙe. WAV na sitiriyo a 44.1kHz da 16-bit yana cin wajen 10MB a minti, wato kusan 635MB a awa. MP3 a 128kbps (lambar da ke nuna ingancinsa, mai girma ta fi kyau) yana cin kusan 58MB a awa, a 192kbps kuma kusan 86MB. To ɗauki tafsirin awa biyu kullum na kwana 30, awa 60 ke nan. A MP3 na 128kbps zai tsaya wajen 3.5GB, a WAV kuwa ya doshi 38GB. Shi ya sa 4GB ɗin da ke cikin ƙaramar Sony ke ɗaukar kusan awa 60 na MP3, amma a WAV awa biyar da 'yan mintoci ne kawai.

Idan ka ga kwali na alfahari da ɗaruruwan awoyi ko dubu, ka sani a mafi ƙasƙancin saiti aka yi lissafin, inda murya ke fita kamar rediyon da batirinsa ya mutu. Ni dai ga yadda nake yi: karatun kullum da za a raba wa jama'a, MP3 a 128kbps ko 192kbps. Hirar tsofaffi, waƙe, da duk abin da zan gyara daga baya, WAV. Daga WAV kana iya fitar da MP3 ko yaushe, amma abin da MP3 ya zubar ba ya dawowa.

Mataki na 6: Batir

Duk wanda ya rayu a zamanin dumsor, wato yawan ɗaukewar wutar lantarki a Ghana, musamman wajen 2014 da 2015, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Na'ura mai batirin ciki da ake caji tana da daɗin ɗauka, siririya ce, amma idan ta mutu a tsakiyar zama sai ka nemi soket, kuma bayan 'yan shekaru batirin kan gaji, sauya shi kuma aiki ne. Mai cin AA ko AAA kuwa, kowane kiyos a Zango yana da su, cikin minti ɗaya ka sauya.

Ƙananan na magana sun fi jimiri: ICD-PX470 tana wuce awa 50 a MP3 da AAA biyu. Zoom H1n wajen awa 10 take yi da irin waɗannan batiran, Tascam DR-05X kuma wajen awa 17 da AA biyu. Wannan lissafin kamfani ne da batirin alkalin mai kyau. Batiran arha na tocila ba sa kai ko kusa, kuma a damshin Kumasi suna saurin zubar da ruwa su cinye ƙarfen ciki. Abin da ya fi sauƙi a tsawon lokaci shi ne ka sayi batiran caji na NiMH guda huɗu da cajarsu, biyu na aiki biyu na jira. Ka shiga saitin na'urar ka gaya mata irin batirin da ka sa, don ma'aunin ya faɗi gaskiya. Ka kuma tambaya ko tana iya aiki da wuta daga USB tana naɗa, don zama mai tsawo fawa-banki ya riƙe ta.

Mataki na 7: Katin ajiya, inda ake yawan cutar mutane

Duba littafin na'urar ka ga iyakar katin da take karɓa. Da yawa, har da H1n da PX470, suna tsayawa a microSDHC na 32GB. DR-05X tana kaiwa 128GB. Sayen wanda ya wuce iyaka asarar kuɗi ne.

Jabun kati kuwa ya cika kasuwa, kuma yaudararsa mai wayo ce. Ana ɗaukar ƙaramin kati a sauya masa bayani ya riƙa nuna 32GB ko 64GB. Yana karɓar fayiloli lafiya har ya kai ainihin cikinsa, daga nan sai ya fara rubutu a kan na baya ko ya zubar, sunaye na nan amma ciki wayam. Abin da ya cinye karatun Malam ke nan. Maganinsa gwaji: akwai manhaja kyauta mai suna H2testw a Windows, tana cika katin tana sake karantawa, ta gaya maka ainihin girmansa. Idan ba ka da ita, cika katin da bidiyo har ya ƙoshi, sannan ka buɗe na farko, na tsakiya da na ƙarshe. Bayan gwaji, ka goge katin daga cikin rikodar kanta, ba daga kwamfuta ba. Kati biyu matsakaita sun fi ɗaya babba, ba a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya.

Mataki na 8: A shago

Tafi da batiranka, da katinka da ka gwada, da abin kunnenka. Farashin waɗannan kaya dala yake bi, sidi, kuɗin Ghana, kuma ba ya zama wuri ɗaya, don haka zaga shago uku ko huɗu a rana ɗaya kafin ka ciro kuɗi. Idan wani ya faɗi farashin da ya yi ƙasa da na sauran da nisa a kan na'ura iri ɗaya, arhar nan tana da dalili. A cikin kuɗin da ka ware, ka bar kaso na kati, batira, soson rufe makirufo da ƙaramin makirufon wuya. Gara matsakaiciyar rikoda da kayan aikinta da babba tsirara.

Ka ce a buɗe maka. Wanda ya ƙi a gwada kayansa, yi masa sallama. Idan an buɗe, yi waɗannan a gaban mai shagon:

Danna naɗi ka ƙirga daƙiƙa nawa take ɗauka daga kunnawa zuwa farawa. Riƙe ta kamu ɗaya daga bakinka ka yi magana yadda ka saba, ka faɗi kalmomi masu iska irin "fatake", "tsintsiya", "shinkafa", sannan ka ja taku uku ka maimaita. Yi shiru na daƙiƙa goma, ka saurara da abin kunne: idan shirun cike yake da "shuuu" mai ƙarfi, wannan ƙarar cikin na'urar ce, kuma za ta raka duk abin da ka naɗa. Kada ka yanke hukunci da 'yar lasifikar jikinta, ba ta faɗin gaskiya. Tafa hannu da ƙarfi ka ji ko ya fashe. Soka makirufon waje ka girgiza kan igiyar a hankali ka ji ko ramin na ƙara. Cire batir ka mayar, ka ga ko kwanan wata ya tsaya. A ƙarshe a haɗa ta da kwamfuta ko waya ka ga fayil ɗin ya buɗe ba tare da wata manhaja ta musamman ba.

Ka duba maɓallan da idon wanda zai yi aiki da ita. Idan Baba Ladan za ka bar wa ya riƙa dannawa, kana son jan maɓalli ɗaya babba, da fitila mai nuna ana naɗa, da makullin da aka rubuta HOLD don kada aljihu ya kashe ta. Na taɓa ba wani dattijo wata mai menu kamar hanyoyin cikin kasuwar Kejetia, ya dawo min da ita washegari ya ce, "Ɗana, wannan sai ku 'yan boko."

Idan ta hannu ce, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai, buɗe gidan batir ka duba farin gari ko tsatsa. Idan akwai, ajiye ta. Sabuwa ko tsohuwa, karɓi rasit mai lambar jikin na'urar, ku kuma yi magana a fili kan kwana nawa za ka iya dawo da ita.

Mataki na 9: Gwajin gaske, kafin ranar gaske

Kada ranar farko ta aiki ta zama ranar farko ta gwaji. Kai ta wurin, a lokacin, ka naɗa zama guda cikakke wanda ba za ka yi kuka ba idan ya lalace.

Saita kwanan wata da agogo tukuna. Idan na'urar na da ma'aunin sauti, daidaita ƙarfin ɗauka yadda murya za ta riƙa kaiwa wajen -12 a ma'aunin, inda 0 ne ƙololuwa, tana barin sarari don lokacin da mai wa'azi zai ɗaga murya, domin zai ɗaga. Abin da ya taɓa 0 ya fashe, kuma gyaransa da wuya. Kunna abin da aka rubuta LOW CUT, yana rage gurnanin fanka, janareta da motoci. Kashe wanda aka rubuta VOR, wato mai tsayar da naɗi idan an yi shiru: yana cinye farkon kalma, kuma tsoho idan ya yi shiru yana tuno wani abu, shirun ma na cikin labarin. Saitin da na'ura ke daidaita ƙarfi da kanta yana da amfani ga sabon shiga, sai dai duk lokacin da mai magana ya numfasa yakan ɗago hayaniyar ɗaki.

Kada ka ajiye ta a kan tebur tsirara, shimfiɗa mata hankici ko hula, don bugun hannu da ajiye kofi kada su shiga. Nisanta ta da wayoyin hannu, suna sa mata wani ƙyar-ƙyar idan kira na shigowa. Kada ka sa ta daidai ƙarƙashin fanka ko gaban lasifika. A waje kuwa soso dole ne, lokacin hunturu ma mai gashi ya fi, sannan ka riƙa mayar da ita jaka saboda ƙura. Da damina ka jefa 'yan ƙullin nan masu shan damshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi a jakar, ka cire batira idan za ta yi mako ba aiki.

Mataki na 10: Izini, da inda muryar za ta kwana

Kafin ka danna, faɗa wa mutum kana naɗa, kuma ka gaya masa inda muryar za ta je. Wannan ladabi ne, kuma a Ghana doka ce. Sashe na 18(2) na kundin tsarin mulkin 1992 ya kare sirrin sadarwar mutum, kuma a 2018 Kotun Ƙoli, a wata shari'ar fili da ta taso daga Sunyani, ta ce naɗar hirar waya a ɓoye ba da sanin ɗaya ɓangaren ba keta wannan haƙƙi ne. Ni nakan sa izinin a farkon naɗin kansa: na faɗi rana da wuri, sannan na ce, "Hajiya, kin yarda na naɗa?" ta amsa da bakinta. Idan ta kai wani wuri ta ce kashe, na kashe, kuma na nuna mata fitilar ta mutu.

Daren da ka naɗa, daren za ka kwafe. Wuri biyu aƙalla, kwamfuta da wani faifai ko ma'ajiyar intanet, kafin ka goge komai daga kati. Sauya sunan fayil daga lambobin da na'ura ke bayarwa zuwa shekara, wata, rana da abin da ke ciki, misali 2025-03-05 tafsiri Baƙara, don su jeru da kansu. Idan za ka yanke ko ka ƙara ƙarfi, manhajar gyaran sauti ta Audacity kyauta ce kuma ta isa, amma ka yi aikin a kan kwafi, asalin ka bar shi yadda yake. Wajen rabawa a WhatsApp, tura MP3 ɗin a matsayin takarda don ya isa da sunansa da ingancinsa. Ga 'yan'uwa masu ƙaramin data, fitar musu da wani kwafin na mono, wato mai layin sauti ɗaya, a 64kbps, wajen 29MB ke nan a awa, magana kuma tana fita sarai.

Yanzu a masallacinmu ƙaramar rikoda ce mai batir AAA ke aikin, igiya ɗaya daga mikisa, tana kwance a cikin akwatin amfilifaya inda yara ba sa kaiwa. Baba Ladan ke danna ta bayan ya gyara makirufon Malam, ni kuma na zauna kusa da abin kunne a kunne ɗaya har mai jan baƙi ya gama ayar farko, na ga ma'aunin na wasa wajen -12, sannan na tura HOLD na koma sahu.